Sha Huɗu Bisa Sha Huɗu

Rubutuna na wannan mako a kan wani lissafi ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan Damri ne, a ƙaramar hukumar Bakura. Yankinmu ba baƙon siyasa ba ne: Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun duk sun yi gwamnan Zamfara. Amma ku dubi sakamakon zaɓen ƙananan hukumominmu. A Afrilun 2019, APC na kan mulki, ta lashe kujerun ciyaman 14 duka. Ranar 16 ga Nuwamban 2024, PDP na kan mulki, ita ma ta lashe 14 ɗin, ta haɗa da kansiloli 147. Mutanen su ne dai, rumfunan zaɓen su ne dai. Abin da ya canza shi ne mai zaune a gidan gwamnati a Gusau, kuma gwamna ke naɗa shugabannin ZASIEC, hukumar da ke shirya zaɓen.

Zaɓen cike gurbi kuwa, wanda INEC ke shiryawa, labarinsa daban. Bayan rasuwar ɗan majalisar jiha mai wakiltar Bakura, an yi namu ranar 5 ga Disamban 2020. Aka fafata har aka ce bai kammala ba, sai da aka sake a wasu rumfuna kafin PDP ta samu. A makonnin nan na ga manyan motoci a hanyoyin da ko a-kori-kura ke gudu, na ga 'yan takara suna durƙusa wa tsofaffi. Ƙuri'armu ta yi daraja, domin babu wanda ya san inda za ta faɗa. Haka aka yi a Kaura Namoda ta Kudu a Agustan 2025: APC ce ta ci, wata tara kacal bayan PDP ta share jihar.

Me ya sa abin ya dame ni? A Mayun 2022 'yan bindiga sun afka wa Damri da ƙauyukan kusa, suka kashe mutane da dama. A irin wannan rana ba sanata ake fara nema ba, kansila da ciyaman ake kira. Wanda ya san ƙuri'armu ce ta ɗora shi zai ɗaga waya. Wanda ya san daga sama aka rubuto sunansa, sama zai riƙa kallo. Ga shi tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wato kujerar ta ƙara nauyi.

Mu masu koyon rubutu mun fi son labarin Abuja. Ni kam na fara tambayar ƙuri'a nawa kansilanmu ya samu a rumfarmu, kuma ina rubutawa. Kai fa, ka san sunan naka? Allah Ya ba mu zaman lafiya.