FENTI A BISA DAUƊA

A gidan da makaranta ta ba mu, cikin jerin gidajen malamai, akwai wani tsohon bahon wanka irin na Turawa, dogo, wanda babban mutum zai iya miƙe ƙafa a cikinsa. Tun zamanin da Turawan Mishan suke zaune a gidan yake nan. Mu dai ba mu saba kwanciya cikin ruwa ba, da bokiti muke wanka kamar kowa, amma bahon nan ya yi mana amfani ƙwarai. A ciki muke tara ruwa ran da famfo ya kawo, a ciki uwargida take jiƙa barguna, a ciki kuma ake yi wa ƙananan yara wanka.

Sai dai tsufa ya kama shi. Farinsa ya koma ruwan ƙasa, gindinsa ya yi kaushi, tsatsa kuwa ta ja doguwar zane daga ƙarƙashin famfo har bakin magudana, gama famfon ya yi shekaru yana ɗiga. Kome aka cuɗa shi, sai ka ce ba a taɓa wanke shi ba. Idan muka yi baƙi, uwargida takan ji kunya ta nuna musu ɗakin wanka.

Wajen ƙarshen shekarar 2022 muka yi shawara mu roƙi makaranta ta yarda a fid da shi a sa sabo. Har wani ɗan gwangwan ya zo ya duba, ya yi masa kuɗi bisa ga nauyin ƙarfensa. Kafin mu kai maganar gaba, muka kira wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon magini, domin ya gaya mana abin da aikin zai ci. Ya shiga ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa bahon da makullinsa, ya leƙa ƙarƙashi, sa'an nan ya ce, “Malam, wannan ƙarfen zubi ne, ya fi kilo 100. Kafin ya fita sai an fasa tayil, an kwance bututu, watakila har a cire ƙyauren ƙofa. Na robar da za ka sa a madadinsa kuwa ba zai kai rabin kwanansa ba. Ƙarfen nan lafiyarsa lau, fatarsa ce kaɗai ta tsufa.”

Muka ce, “To, Baba, me kuke gani za a yi?” Ya ce a sāke masa fata, amma aiki ne mai son haƙuri, mu jira shi ya dawo daga ƙauye bayan Sabuwar Shekara.

Ya kamata mu ɗan bayyana wa masu karatu irin wannan fata. Farin da ke jikin bahon ƙarfe ba fenti ba ne, gilashi ne. Irinsa ne a jikin kwanonin langa da iyayenmu mata suke jerawa a ɗaki. A masana'anta akan barbaɗa garin gilashi a kan ƙarfen da aka gasa ya yi jawur, cikin zafi na wajen digiri 800 ko fiye, sai garin ya narke ya manne da ƙarfen. A shekarar 1883 ne wani mai masana'antar zubin ƙarfe a jihar Wiskonsin ta Amurka, John Michael Kohler, ya ɗauki kwamin da ake shayar da dawakai, ya yi masa wannan shafe, ya sa masa ƙafa huɗu, ya sayar da shi a kan bahon wanka. Kamfanin nasa yakan ba da labari cewa saniya ɗaya da kaji 14 aka biya shi. Tun da shi ke ba mai iya hura irin wannan wuta a ɗakin wanka, abin da ake yi a gida shi ne a rufe tsohon gilashin da fenti mai ƙarfi na musamman. Wahalar aikin kuwa ita ce, gilashi abu ne mai santsi, fenti ba ya son kama shi.

Mu ba mu jira Baba ba. Kirsimati ta matso, surukanmu kuma suna zuwa. Muka shiga kasuwa muka sayo gwangwanin farin fenti mai sheƙi, irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga. Uwargida ta dube shi ta ce, “Maigida, bahon nan shekara da shekaru yana shan sabulu da man shafawa. Ko tukunya ce mai maiƙo, ai ba abin da zai zauna a jikinta. Ka bari Baba ya dawo.” Muka amsa mata da zafi a gaban yara, muka ce mu da muke koyar da ajin kimiyya ba mace ce za ta koya mana shafa fenti ba. Ta yi shiru ta koma madafa. Muka ɗauraye bahon da ruwan omo sau ɗaya, da ya sha iska muka shafe shi.

Kai, ya yi kyau! Baƙi suka zo suka yaba, mu kuwa muna ta jin daɗi. Ba a yi mako uku ba sai fentin ya soma tashi kamar borin jini a jikin mutum. Ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, ya riƙa saɓulewa kamar fatar maciji. Ran nan autarmu ta fito daga wanka da ɓarɓashin fari a duk bayanta. Bahon ya koma ya fi dā muni, ga kuɗi sun tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Domin mu ɓoye kunyarmu kafin Baba ya dawo, muka sayo maganin cire fenti, wani mai kauri kamar koko, muka sa ƙanen uwargida, saurayi ɗan shekara 19 da yake zaune tare da mu, ya kankare bahon ranar Asabar. Lokacin hunturu ne, ƙura tana ta shigowa, sai muka ce masa ya rufe taga da ƙofa. Muka ba shi ƙyallen rufe hanci, muka tafi taron malamai.

Bayan kamar rabin sa'a uwargida ta lura ta daina jin ƙarar kankara. Ta kira shi sau biyu, shiru. Da ta tura ƙofa ta tarar da shi a durƙushe, kansa ya rataya cikin bahon. Allah ne ya ba ta ƙarfi, ta kama shi ta ƙafa ta jawo shi tsakar gida tana kururuwa. Maƙwabta suka kai shi asibiti. Ya farfaɗo, ya kwana ɗaya aka sallame shi. Da muka je wurinsa abin da ya ce mana ke nan, “Yaya, ban ji wani abu ba sai jiri, na ce bari in ƙarasa wannan gefen.” Har yau idan muka tuna, jikinmu yakan yi sanyi.

Daga baya muka karanta ƙananan rubutun da ke jikin gwangwanin, wanda ya kamata mu karanta tun da fari. Akwai wani sinadari a ciki mai suna metilin kulorayid. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, sai ya taru a cikin bahon, daidai wurin da mai aiki yake sunkuyar da kansa. Yana sa jiri da suma, yana iya tsai da numfashi ko ya rikita bugun zuciya. A cikin jiki kuma wani kashi nasa yakan juye ya zama irin gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta. Ƙyallen rufe hanci na ƙura ba ya tare shi ko kaɗan. A shekarar 2012 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto cewa tsakanin 2000 da 2011 mutum 13 masu sana'ar sabunta bahon wanka sun mutu ta wannan hanya. A 2019 gwamnatin ƙasar ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai wannan sinadari, a 2024 kuma ta hana yawancin ayyukan da ake yi da shi. Muna roƙon kowane mai karatu ya duba jikin gwangwani kafin ya saya, kada kuma ya shiga ƙaramin ɗaki da irin wannan magani. In wani ya faɗi, a jawo shi waje nan da nan, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Da Baba ya dawo bai yi mana faɗa ba. Ya dubi bahon, ya dube mu, ya ce mu samo wuƙar kankara da sanfefa. Ga yadda muka yi aikin tare da shi, ko zai amfani wani.

Da fari muka gyara famfon, gama aikin banza ne a sabunta baho a bar ruwa yana ɗiga a kansa. Muka kankare fentinmu duka da hannu, ba magani. Muka cire tsohon danƙon da ke tsakanin baho da bango. Sa'an nan muka wanke shi sau uku da ruwan zafi da sabulu mai yanke maiƙo, har yatsa ya daina zamewa a jikinsa. Bayan haka muka bi shi da sanfefa lungu lungu, domin santsin gilashin ya mutu, fenti ya sami abin kamawa. Da ruwa muka yi gugar, ba a bushe ba, gama farin tsofaffin bahuna yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce, balle ga yara. Inda tsatsa ta ci, muka goge har ƙarfe ya fito fes, muka cike ramukan da bodi-fila irin na masu gyaran jikin mota, muka daidaita. Muka ɗauraye, muka bar shi kwana biyu ya bushe sarai, muka share ƙura da tsumma mai tsabta.

Fentin da Baba ya sa muka nemo shi ne ifoksi, mai zuwa gwangwani biyu. Wanda ya taɓa haɗa Araldite ya san irinsa: ɗaya ba ya ƙanƙara sai an gauraya shi da ɗaya, da zarar an haɗa kuwa sai ya soma tauri, saboda haka ba a haɗa fiye da abin da za a iya shafawa a lokacin. Shi ma warinsa ba na shaƙa ba ne. Muka buɗe taga da ƙofa, muka sa fanka tana tura iska waje, muka kori yara, muka hana kowa zuwa da fitila ko ashana. Muka yi shafe biyu marasa kauri da ƙaramar rola, muka rufe ɗakin da labule, ba wanda ya zuba ruwa a ciki sai bayan mako guda. Da muka lissafta, shiri ya ci kwana biyar, shafa fentin kuwa bai kai sa'a uku ba.

Yanzu bahon fari ne tas, amma ba za mu ruɗe ku ba, bai koma kamar ran da ya fito daga masana'anta ba. Gilashi yakan yi shekara 50, wannan shafe kuwa na 'yan shekaru ne, wata rana sai an sāke. Ba a cuɗa shi da toka ko yashi ko soson ƙarfe, sai sabulu da soso mai laushi. Ba a dangwara bokitin ƙarfe a ciki. Ana iya yi wa kwamin wanke hannu da tayil na bango haka nan, amma na ƙasa, inda ake takawa kullum, ba ya daɗewa. Bahon da ya tsage ko tsatsa ta huda shi, wannan fenti ba zai cece shi ba.

Ran da muke gugar gindin bahon, mu biyu a durƙushe, Baba ya tambaye mu ba tare da ya ɗaga kai ba, “Malam, ka roƙi matarka gafara?” Muka ce mun saya mata turmin atamfa, mun kuma biya kuɗin asibiti. Ya ce, “To, wannan shi ne fentinka na fari.”

Gaskiya ya faɗa. Tun ran da abin ya faru gidanmu yana tafiya kamar kullum. Ana gaisawa, ana cin abinci, ana addu'ar safe, ranar Lahadi a tafi sujada tare. Wanda ya gan mu daga waje zai ce ba kome. Amma a ƙarƙashi akwai maganar da muka yaɓa mata a gaban 'ya'yanta, akwai kuma ran ƙanenta da muka kusa ɓatarwa saboda girmankai, ba mu taɓa buɗe baki mun ambaci ko ɗaya ba. A Matiyu sura 23 Ubangijinmu Yesu ya tsauta wa malaman zamaninsa a kan irin wannan hali na gyara waje a bar ciki da ƙazanta. Sau nawa muka koya wa yara wannan sura a aji, ba mu ga kanmu a ciki ba.

Daren nan muka tara iyali. Tun da a gaban yara muka yi laifin, a gabansu muka faɗe shi da sunansa, muka roƙi uwargida da ƙanenta gafara. Ya fi gugar baho wuya. Ta yi kuka, ta faɗi abubuwan da ta daɗe tana haɗiyewa, waɗansu ma sun girmi maganar bahon da shekaru. Muka saurara ba mu kāre kanmu ba. Sa'an nan muka yi addu'a tare.

'Yan'uwa, gidaje da yawa a cikin ikilisiya ƙarfensu lafiya lau yake, bai kamata a yi maganar yarwa ba. Amma kyauta da fara'a a gaban baƙi ba za su zauna a kan laifin da ba a furta ba, kamar yadda fentinmu na fari bai zauna a kan maiƙo ba. Abin da aka gyara kuma yana bukatar hannu mai taushi daga baya. Allah ya ba mu tawali'un da za mu durƙusa mu kankare tukuna. Amin.