Shamuwa a bayan gidanmu

A nan Tsauni, tun rediyo ba ta ce komi ba kan damina, shamuwa ke kawo mana labari. Tsohuwata ta riƙe wannan sani, yanzu tana ba ɗiyata mai shekara 5.

Bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a bayan danga, gindin gawo. Sai tsohuwa ta ce: "Ke kishiya, yi shiru, dubi sama." Ga shamuwa tana kai kirare, tana gyaran sheƙar bara.

"Kaka, ina ta tafi da rani?"

"Kudu, inda ruwa yake. In ta dawo, a fiddo iri."

Ta nuna mata balbela a bayan shanu, da bushiya mai fitowa da magariba. Ta ce shamuwa fara take ci, don haka ba a jifarta. Ran nan yarinyar ta kama wanta da danƙo, ta kai ƙara, aka karɓe.

Ni mai koyar da manya ne a ajin yaƙi da jahilci, amma wannan darasi babu shi a littafinmu. Gawon ma, lokacin yunwar 1984 an zo da gatari, tsohuwa ta hana. Bana sheƙa uku ke kansa.