Jakar Ko-ta-kwana A Kan Hanyar Koshu

Tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku, a birnin Tokyo na ƙasar Japan, ita ce ta fi kowace tasha yawan fasinja a duniya, don kuwa kimanin mutum miliyan 3 ke ratsa ta a kowace rana. Da yawansu ma'aikata ne masu kwana a bayan gari. Jirgi ke kawo su da safe ya mai da su da dare, har mutum ya shekara goma yana wannan zirga-zirga bai san abin da ke tsakanin ofishinsa da gidansa ba, sai ɗan abin da ya hango ta taga.

Ran Jumma'a 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin awo 9 a tekun arewa maso gabashin ƙasar. Ambaliyar teku da ta biyo baya ita ta yi mummunar ɓarna, aka rasa fiye da mutum 15,000. Tokyo tana nesa, gine-ginenta sun tsaya, amma jiragen ƙasa suka tsaya cik, layukan waya suka cushe. Bisa ƙiyasin gwamnati, mutum miliyan 5 da dubu 150 a birnin da kewayensa suka rasa yadda za su koma gida a ranar. Waɗansu suka kwana a ofisoshi da makarantu, waɗansu suka wawashe kekuna a kantuna, sauran kuwa suka kama hanya a ƙasa cikin sanyin dare, maza da kwat da takalmin fata, mata da takalma masu tsini.

Tun daga wannan dare ajiye jakar ko-ta-kwana a ƙarƙashin teburin ofis ya ƙara karɓuwa. Amma haɗa jaka daban, ɗaukarta daban. Shi ya sa hukumomi da ƙungiyoyi kan shirya tattakin gwaji, waɗansu mutane kuma kan yi nasu su kaɗai, don sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ɗauki misalin akawun da ke aiki a Shinjuku, iyalinsa suna garin Chofu ta yamma. A jirgin Keio tafiyar kimanin minti 20 ce. A ƙasa kuwa kilomita 15 ce da 'yan kai. Masu tsara shirin gwamnati suna da wani lissafi a kan haka: wanda gidansa bai wuce kilomita 10 ba zai iya kai kansa, daga nan kowace kilomita ɗaya takan zubar da mutum 1 cikin 10, wanda ya haura kilomita 20 kuwa ba a sa shi a lissafi. Watau a cikin mutanen Chofu rabi ake sa ran za su isa. Akawun nan yana so ya san a wane rabin yake. Sai ya zaɓi wata Asabar, ya sa kayan da yakan sa zuwa aiki, tun da girgizar ƙasa ba ta jiran mutum ya sake tufafi, ya goya jakarsa. A ciki akwai ruwa lita 3, biskit, tocila, ƙaramar rediyo, batirin cajin waya, rigar ruwa, bargo, usur, filasta da hular kwano.

Hanyar da zai bi sunanta Koshu Kaido, ɗaya daga cikin manyan hanyoyi 5 da suka fita daga birnin a zamanin da ake kiransa Edo. Shinjuku ita kanta zango ce ta matafiya a kan wannan hanya, ma'anar sunan ma ke nan, sabon zango. Yau hanyar tana cikin guda 16 da hukumar birnin ta ware don taimakon masu komawa gida a ƙasa.

Kilomitocin farko, ta Hatsudai da Hatagaya zuwa Sasazuka, ba su da daɗin ido. Babbar hanyar mota ce aka ɗora a bisa ginshiƙai tana bin saman titin, ta tare rana, ƙarar motoci sama da ƙasa. Wanda ya tuna yadda irin wannan gadar sama ta kwanta a gefenta a birnin Kobe cikin girgizar 1995 ba zai rasa ɗaga kai lokaci lokaci ba. Mai gwaji na ƙwarai ba sauri ke gabansa ba. Yana tafe yana duban gilasan benaye da allunan talla da ke reto a bisa kansa, da katangun bulo irin wadda ta faɗa wa wata yarinya 'yar shekara 9 a lardin Osaka a 2018, yana sa alama a taswirar takarda, domin ranar da za a bukaci taswira mai yiwuwa ne wayar hannu ta mutu.

Bayan kamar kilomita 4 sai mararrabar Ohara, inda titin zobe na 7, wanda ake kira Kannana, ya gitta. Wannan titi iyaka ce a dokar 'yan sanda: in aka yi girgiza mai tsanani, ba motar da za ta wuce shi ta nufi tsakiyar gari. Kuma a kewayensa ne ake da unguwannin tsofaffin gidajen katako masu lunguna, waɗanda hukuma ta fi jin tsoron gobara a cikinsu. Mutanen Tokyo suna da dalilin wannan tsoro. A girgizar 1 ga Satumba 1923 kimanin mutum 105,000 suka hallaka, galibinsu wuta ce ta ci su. A wani fili guda a unguwar Honjo mutum wajen 38,000 suka mutu. Sun gudo ne da katifu da tufafi da kayan ɗaki, kayan nan su suka zama makamashi. Tun 1960 ake kiyaye ranar 1 ga Satumba a matsayin ranar shirin kare kai daga bala'i.

Batun kaya kuwa, a nan ne jakar ke fara faɗin gaskiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma kilo 3 da ba a ji a ƙofar ofis ba su ne ke cin kafaɗa kafin a kai titin zobe na 8, wajen kilomita 8. Sa'an nan ga shi ruwan bai zama dole ya kai haka ba. Hukumomin yankin sun ƙulla yarjejeniya da kantunan da ke buɗe dare da rana, da gidajen mai, da gidajen abinci, cewa ranar masifa za su ba masu tafiya ruwan famfo, su bar su su shiga bayan gida, su gaya musu halin da hanya ke ciki. Kowane yana da alama manne a ƙofa. Aikin akawun shi ne ya ƙidaya su, ya lura da inda suka yi nisa da juna. Abin da ba wanda zai ba shi a hanya shi ne ƙafa. Takalmin fata da ya yi shekara yana kai shi tasha lami lafiya, kafin a kai Sengawa ya tayar masa da bororo a diddige, filastar da ya jefa cikin jaka don cika lissafi ta zama ta fi rediyo daraja.

Daga nan hanya takan sake fuska. Gadar sama ta rabu da titin, itatuwa sun jeru dama da hagu, a gangara a ƙetare 'yan ƙoramu. A kan wannan titi Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren dogon zango a wasannin Olamfik na 1964, kuma a Chofu ne masu tseren suka juya. Shi ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da minti 12. Akawun, da hutu da ɗingishi, sai ya ci fiye da awa 4 a kan kashi ɗaya cikin uku na wannan, da rana tsaka, fitilun hanya suna aiki, ba gilashi a ƙasa, ba turmutsitsi.

Wannan bambanci shi ya sa hukuma ta juya maganar. Cunkoson 2011 ya nuna cewa in miliyoyi suka fito lokaci guda, motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana ba za su sami wurin wucewa ba, alhali kwana 3 na farko su ne na ceton waɗanda gini ya danne. Saboda haka dokar birnin da ta fara aiki a watan Afrilu 2013 ta nemi kada ma'aikata su yi rububin tafiya gida, ta kuma nemi kamfanoni su yi ƙoƙarin ajiye wa kowane ma'aikaci guzurin kwana 3: ruwa lita 9, abinci sau 9, bargo 1. Shirin zaune, in ji Bahaushe, ya fi na tsaye. Dokar tana da hujja, sai dai da wuya a faɗa wa uba ya zauna a ofis kwana 3 bai san halin da 'ya'yansa ke ciki ba. Ƙiyasin hukumar na 2022 ya ce in babbar girgiza ta faɗa wa birnin kansa, mutum miliyan 4 da dubu 530 za su shiga wannan hali. Maganin da aka tanada shi ne makarantu su riƙe yara har iyaye su zo, sa'an nan akwai lambar waya 171, wadda mutum kan ajiye saƙon murya a kai danginsa su saurara. Ana barin jama'a su gwada ta ranar 1 da ranar 15 ga kowane wata.

Da isarsa Chofu akawun ya juye jakar a tsakar ɗaki. Ya fid da lita 2 na ruwa, ya ƙara safa biyu da filasta da 'yan sulallan yen 10 na wayar bakin titi. Shi da maiɗakinsa suka yanke wanda zai ɗauko yara, da lambar da za su riƙa ajiye saƙo a kai. Ran Litinin ya hau jirgin safe da takalmin kambas a cikin leda, ya tura shi ƙarƙashin tebur kusa da jakar.