Gadon rataye na mutum mai tsawo da faɗi

Kayan da masana'antu ke fitarwa an yanke su ne bisa awon matsakaicin mutum. Kujerar motar haya, rigar kanti, gadon masauki, duk an yi su domin wanda ba dogo ba kuma ba gajere ba. Gajeren mutum yakan samu dabara: ya naɗe ƙafar wando, ko ya ɗora matashi bisa kujera. Shi kuwa mai tsawo da faɗin ƙirji ba ya da abin da zai rage daga jikinsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan mutum cikin mota daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ya ga yadda gwiwoyinsa ke ƙarewa.

Akwai wani bawan Allah, haifaffen Tawa, wanda kowa ke kira Dogo tun yana lakkol. Tsawonsa mita 1 da santimita 95, nauyinsa kilo 118. Neman abinci ya kai shi Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, garin da ƴan Nijar ke da yawa. Aikinsa ɗaukar kaya ne a wani babban sito, kuma shekaru sun bar masa ciwon baya. Ɗansa na fari ya shiga ƙungiyar ƴan sikawut, waɗanda ke fita kwana cikin daji, ana kuma buƙatar iyaye su riƙa rakiya. Can yammacin jihar ne tsaunukan Apalash suke, inda wata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita kusan 3.500 ta ratsa, daga Jojiya har zuwa Men. Fitar farko Dogo ya kwana ƙasa cikin tanti, bisa wata ƴar shimfiɗa wadda ba ta kai ƙaurinsa ba. Da asuba ya kasa ruku'u, a zaune ya yi salla, yaron yana kallonsa. Abu biyu suka rage masa: ko ya daina rakiyar, ko ya samu wani makwanci.

Wani daga cikin iyayen yaran ya nuna masa abin da shi yake kwana a ciki, wato ƙyalle ne da ake ratayewa tsakanin itace biyu. Abin ba baƙo ba ne ga Hausa, domin tsofaffi sun san amuku, wanda a cikinsa ƴan ɗauko suka riƙa ɗaukar Turawan mulki a ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba kalma ce mai daɗin tunawa ba ga waɗanda iyayensu suka ga aikin tilas, wanda ba a soke ba a ƙasashen da Faransa ta mallaka sai a 1946. Asalin kalmar kuwa daga mutanen Taino na tsibiran Karayib ta fito, waɗanda Kiristof Kolomb ya tarar suna kwana cikin raga a 1492. Daga baya jiragen ruwan yaƙi na Ingila suka ɗauki dabarar, har aka ƙayyade wa kowane matuƙi fili mai faɗin inci 14, wajen santimita 36. Ko a wancan zamani ma ba a yi lissafi da ƙato ba.

Amuku na zamani iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka tattare bakinsa biyu aka ɗaure, kamar bakin buhu. Wanda ya kwanta cikinsa a miƙe yakan lanƙwashe kamar ayaba, sai dai ya karkace, kai ta wannan gefe, ƙafafu ta wancan. Dogo ya gwada, ƙyallen ya tokare masa sha-raɓa, ya ce bai zo Amurka domin a naɗe shi kamar tabarma ba. Na biyu shi ne wanda masu abin ke kira na gada, saboda an kwaikwayi ginin gadar rataye, irin wadda aka buɗe a San Faransisko a 1937. Sanda ɗaya ta alminiyom wajen kai, ɗaya wajen ƙafa, su ke buɗe ƙyallen. Gefunansa biyu an yanke su a gantsare, an bi su da ɗamara mai ƙarfi, kamar manyan igiyoyin ƙarfe da ke riƙe da gada. Wannan yankan shi ne asirin abin: yana ɗaga tsakiya, inda ƙugu ke son nutsewa, sai mutum ya kwanta shimfiɗe kamar bisa gado, ko rigingine ko ta gefe. Ga mai ciwon baya wannan ba ƙaramin albishir ba ne.

Dogo ya fara da tambayar da kowane dogo zai fara da ita, wato tsawo. Nan kuwa ba a nan gizo ke saƙa ba, domin masu ɗinka irin wannan gado sun saba ba shi tsawon da ya haura mita 2. Abin lura kawai shi ne, tsawon da ake rubutawa wani lokaci ya haɗa da igiyoyi, alhali abin da jiki ya sani shi ne wurin kwanciya daga inda kai ke tsayawa zuwa inda diddige ke tsayawa. Kuma mai barci yakan miƙe yatsun ƙafa, ya ɗora kai bisa matashi, saboda haka sai an ƙara wa tsawon mutum kamar taki ɗaya kafin a ce gado ya ishe shi.

Matsalar gaske kafaɗa ce. Wani tela ɗan Damagaram da ke ɗinka wa jama'ar garin kayan salla shi ya fara ankarar da shi. Ya ɗora masa awo daga dantse zuwa dantse, ya samu santimita 56, ya ce masa: «Malam Dogo, kai kullum tsawonka kake kuka da shi, amma ni da ke yanka maka yadi na san faɗinka ne ke cinye mini riba.» Maganar tela ta yi daidai da yadda gadon yake. Sandar wajen kai takan kai kusan mita ɗaya, mai kallo sai ya ce ai fili ya wadata. Amma mutum ba bisa sandar yake kwana ba, ƙarƙashinta yake, cikin kwarin ƙyallen, kuma kwarin yana tsukewa yayin da ake yin ƙasa. Gwargwadon nauyin mutum, gwargwadon yadda nailan ke miƙewa, gwargwadon nutsewarsa. Yana nutsewa, bangon ƙyallen yana matso kafaɗunsa zuwa ƙirji. A minti 10 na farko ba a jin komai. Sai wajen ƙarfe 3 na dare mutum ya farka hannu ya mutu. Saboda haka ne ma gwajin cikin kanti ba ya da amfani sosai, kamar yadda ba a sanin halin takalmi sai an yi tafiya da shi.

Masu ɗinki suna da magani, amma kowane magani da farashinsa. Idan aka tsawaita sanda aka rage zurfin ƙyalle, kafaɗa ta samu sarari, sai dai gadon ya zama mai saurin kifewa, domin mai kwanciya ya hau sama, kuma nauyin da ke matse sandar ya ƙaru. Idan aka zurfafa ƙyalle, gado ya natsu, kafaɗa ta shiga uku. Akwai kuma dabarar saka katifar iska tsakanin ƙyalle biyu, irin mai faɗin santimita 63 ko 64, wadda ke buɗe ƙasan gadon ta kuma tare sanyi. Ita ma tana ƙara ɗaga mutum. Sanyin nan ba abin wasa ba ne: iska na bi ta ƙarƙashi, bargon da aka danne da baya kuma ba ya riƙe ɗumi, har ma a daren da ba na hunturu ba.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta kusa kashe cinikin. Biyu daga cikin sanannun gadajen irin wannan, Ridgerunner na kamfanin Warbonnet da ke Kolorado, da SkyLite na kamfanin ENO da ke Ashbil, cikin jihar da Dogo ke zaune, iyakar nauyin da aka rubuta musu ba ta wuce laba 250 ba, wato kilo 113. Dogo ya haura da kilo 5 tun bai sa riga mai nauyi ba, bai ɗauki bargo ba. Abokai suka ce masa ai Bature yakan bar rara cikin lissafinsa, kilo 5 ba komai ba ne. Fatake sun san wannan magana, ita ce ake faɗi a tasha duk lokacin da za a ƙara buhu goma bisa motar da ta riga ta cika. Gaskiya ne akwai rara, amma an bar ta ne domin lokacin da mutum ya faɗo da ƙarfi bisa gado, ko ya juya cikin barci, ko ƙyallen ya tsufa da rana. Wanda ya cinye ta tun ranar farko ba ya da abin da ya rage. Kuma a gadon gada ba ƙyalle kaɗai ke ɗaukar kaya ba. Igiyoyin da suka tashi daga bakin sanda biyu suka haɗu wuri guda suna matse sandar daga gefe zuwa gefe. In an gajarta su matsin ya ƙaru, sanda kuwa in ta fara lanƙwasa ba ta sallama kafin ta karye.

Yadda aka rataye gadon ma yana cikin lissafi, abin da duk wanda ya yi aji na lise zai iya bi da alƙalami. Idan igiya ta sauko daga itace da karkatar digiri 30, kowane gefe yana ɗauke da nauyin mutum cif, kilo 118 ga Dogo. Idan aka ja ta ta koma digiri 15, kowane gefe ya kusa kilo 230. A digiri 10 ya kai 340. Ga shi kuwa sabon shiga yakan so ya ja igiya ta yi tsam, yana zaton haka ne gado zai shimfiɗu.

Ya duba wani na ƙasar Norwej, Draumr na kamfanin Amok, wanda aka rubuta masa kilo 180, akwai kuma na dogaye. Shi ba na gada ba ne a haƙiƙa, domin a gicciye ake kwana cikinsa, kuma ba ya aiki sai da katifar iska. Ranar da ƙaya ta huda katifa, babu gado. Mutumin da ya tashi cikin ƙasar ƙaya bai yarda ya jingina barcinsa ga iska ba. Wasu suka ba shi shawarar ya koma ga mai tattararren baki, amma dogo, na ƙafa 12, wanda ba ya da sandar da za ta karye. Shawara ce mai kyau, ga ƙato da yawa ma ita ce mafi sauƙi da araha, sai dai shi ta gefe yake kwana, bayansa kuma shimfiɗa yake so.

Daga ƙarshe ya rubuta wa wani ƙaramin shagon ɗinki, irin waɗanda ke yin kayan daji bisa oda. Ya aika da awo uku, tsawo da nauyi da faɗin kafaɗa, bai rage ko kilo ɗaya domin kunya ba. Ya nemi ƙyalle mai kauri wanda ba ya miƙewa sosai, ninki biyu, da sanduna masu kauri, da sange mai zif saboda sauro, ya kuma nemi a rubuto masa iyakar nauyin da mai ɗinkin ya amince da ita. Gadon ya fi na kanti nauyi cikin jaka, abin da ke damun masu tafiyar wata da watanni a ƙafa, amma ba ya damun wanda ke sauke buhuna tun safe. Kuɗin ne ya yi zafi: in aka haɗa gado da tamfol da abin tare sanyi, ba wuya a haura jika 200 na sefa, ga mutumin da ake jiran saƙonsa a gida ƙarshen kowane wata. Uwargidansa ta ce kuɗin ya isa a sayi gado na katako har da katifa. Ya ce da ita gadon katako ba ya hawa dutse.

Kwana uku ya yi yana gwada shi bayan gida kafin ya fita da shi. Ya rataye shi ƙasa-ƙasa, daidai tsawon kujera, da ɗamara mai faɗin santimita 2 da rabi domin kada ta yanki ɓawon itace, ya koyi zama a tsakiya kafin ya ɗago ƙafafu. A daji ya gano cewa irin nasa ya fi sauran buƙatar tazara, sai itatuwan da ke tsakaninsu mita 4 da rabi ko 5, kuma masu kauri, rayayyu. Yayin da sauran iyaye suka gama shiri, shi yana nan yana auna ƙasa da taki, yaron yana biye da shi yana ƙirgawa. Tamfol ɗin da ya fara saye ya yi masa kaɗan, bakin sanda yana tokarinsa duk lokacin da gadon ya motsa, dole ya sake sayen mai faɗi. Kafaɗar hagu har yanzu takan taɓa ƙyalle in ya kwanta rigingine. Sallar asuba dai a tsaye yake yin ta.