Mai Zanen da Ya Gaji Aikin Makaɗi

Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san darajar makaɗi. Ranar suna ko biki, shi ne ke tuna wa yara da kakanninsu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina, suka ratso Salaga, har suka sauka a nan. Haka abin yake a wurin Asantawa, waɗanda dattawan Zango ke kira Tonawa. Gangarsu tana magana, mawaƙansu kuwa masu ba da labari ne. Koo Nimo, wanda aka haifa a Foase a 1934, ya daɗe yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar kimiyya ta Kumasi, amma da jita da karin magana na harshen Twi duniya ta san shi.

To, amma yaron zamani ya fi daɗewa a aji da a dandali. Littafi ya zama abokin hirarsa. Wa zai yi masa aikin makaɗi a cikin littafin? Ga labarin wani mutumin Gana da ya ɗauki wannan nauyi.

An haifi Meshack Asare a 1945 a garin Nyankumasi. Ya koyi zane a kwalejin fasaha ta Kumasi, sannan ya tafi Tema ya yi shekaru yana koyarwa. A can ya fara rubuta littattafan yara, yana kuma zana hotunansu da hannunsa. A 1970 ya fitar da Tawia Goes to Sea, labarin wani yaro ɗan masunta. A zamanin nan yawancin littattafan da ke hannun yara daga Ingila ake kawo su, cike da ƙanƙara da 'ya'yan itatuwan da ba sa tsirowa a Gana. Shi kuwa ya zana kwalekwale da taru da fuskokin da yaro zai gane.

Bayan haka sai aka ji shi shiru wajen shekara goma. Da ya dawo a 1981, ya zo da The Brassman's Secret. A dā, Asantawa da garin zinariya suke ciniki, suna auna shi da 'yan gumakan tagulla, da yawa daga cikinsu kuwa kowanne da karin maganarsa. A labarin, uban wani yaro mai suna Kwajo maƙerin irin waɗannan ne. Ya ƙera masa ɗan makaɗi na tagulla, sai makaɗin ya rayu, ya kai yaron wata ƙasa inda dukiya ke jiran wanda ya warware kacici-kacici. Kwajo ya fāɗi a gwajin ƙarshe, ya komo ba zinariya, amma da hankali. Littafin ya ci lambar Noma a 1982. Noma ɗin sunan wani mai buga littattafai ne na Japan, ba noman gona ba.

Ganga ta sake fitowa a 1997 cikin Sosu's Call. Sosu gurgu ne, a wani ƙauye tsakanin teku da tafki. Mutane na ganin rashin sa'a ne a fito da irinsa waje, saboda haka kullum yana gida, 'yan'uwansa na makaranta. Ran nan manya sun tafi gona da su, sai ruwa ya taso wa ƙauyen, ba kowa sai tsofaffi da ƙananan yara. Sosu ya ja jiki cikin iska da ruwa, karensa na gaba, har rumfar da ake ajiye ganguna. Ya yi ta dūka, mutane suka ji, suka sheƙo, aka ceci rayuka. Daga baya ya sami keken guragu, ya shiga makaranta. UNESCO ta ba littafin lambar yabo a 1999. A 2015 kuma Asare ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar NSK Neustadt ta adabin yara a Amurka.

Mai karatu, ka lura da wanda ya miƙa wa gangar. Bai ba sarki ba, bai ba jarumi ba, sai yaron da aka ɓoye a bayan gida. Irin su Sosu suna nan a lungunan Zango, kuma yaron da ya ga wannan hoto da wuya ya sāke yi wa gurgu dariya.

Sai dai da Turanci aka rubuta waɗannan littattafai. Gizo da Ƙoƙi, da ayarin fatake, da waƙoƙin gaɗa na 'yan mata, suna jiran mai zana su da Hausa. Hannun kuwa akwai shi: dubi samarin da ke zana allunan shaguna da jikin motoci a kewayen Kejetia. Saboda haka uban da ya ga ɗansa yana zane a bayan littafin lissafi, kada ya yi saurin ɗaukar bulala. In ya shiga kasuwa sayen kayan makaranta, ya ƙara masa fensir mai launi, da dare kuma ya zaunar da shi kusa da kakarsa.