Tsohuwar Motar Auta

A wannan wata ina neman afuwarku, zan ɗan jingine batun makaranta da na saba kawo muku, in ba ku labarin wata tsohuwar mota wadda ta kusa raba ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Shi ne autanmu. Boko bai karɓe shi ba, don haka marigayi Baba ya kama hannunsa ya kai shi Suame Magazine a nan Kumasi, ya danƙa shi ga wani masta. Shekara bakwai ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin tirotiro da manyan motoci kafin a yaye shi. Daga baya Allah ya yi masa hanya ya tafi Amurka, ya sami aiki a wani gareji a birnin Kolambus na jihar Ohayo. A 2019 sai ga hoto ya aiko mini ta WhatsApp: wata jar mota duk tsatsa, tayoyi biyu a sace, shi kuwa yana tsaye a gefenta, baki har kunne. Ford Mustang ce ƙirar 1968. Wato motar ta girme shi, ta girme ni.

A daminar nan kuwa ɗakin Inna yoyo yake yi, ga marayun 'yar'uwarmu su uku, kuɗin makarantarsu duk a wuyana. Raina ya ɓaci, na rubuta masa maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce wanda ya bar Zango don neman abin rufin asiri ba ya kwashe dala ya zuba wa gwangwani. Amsarsa ɗaya ce: "Yaya, ka yi haƙuri." Bayan wata biyu ya aiko da kuɗin kwano, aka rufe ɗakin, amma muka yi kusan shekara daga gaisuwa sai gaisuwa.

Ga wanda bai san irin waɗannan motoci ba, Amurkawa na kiransu motoci masu ƙwanji. Yayinsu ya kama daga wajen 1964, lokacin da Pontiac GTO da Mustang suka fito, zuwa farkon shekarun 1970. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas a ɗora wa matsakaiciyar mota, a sayar wa samari da araha. Abin alfaharinsu shi ne miƙaƙƙen gudu na kwatan mil, kimanin mita 400. Ba a damu ƙwarai da kwana ko tsayawa ba. Shi kuwa Auta, abin da ya ƙulla a ransa shi ne ya kai tasa filin tsere mai kwana-kwana da hawa da gangara, irin wanda ake zagayawa sau da yawa ba hutawa. Kamar dai ka ɗauki ɗan dambe ka ce sai ya koyi langa.

A watan Agusta na 2023 na je sunan ɗansa na fari. Kashegarin suna ya ja ni gareji ya buɗe mini gaban motar. Ni a zatona zan ga dodon inji. Ashe ɗan madaidaici ne, wanda suke kira 302, kusan lita 5, kuma ban da wanki da sabon lagireto babba, bai yi masa wani abin a zo a gani ba. Na ce, "To ina kuɗin suka shiga?" Sai ya yi dariya ya nuna mini ƙafafun motar.

Ya ce abokansa sun yi ta zuga shi ya sa babban inji irin 390 ko 428, ya ƙi, domin nauyinsu a kan hancin mota yake zama, in ka karya sitiyari a kwana sai ta ƙi bin ka, ta miƙe abinta. Har batir ma ya cire shi daga gaba ya mai da shi but don ya raba nauyi. Ya saukar da maƙalar hannun ƙafar gaba na sama da inci ɗaya, dabarar da mutanen Carroll Shelby suka yi wa GT350 tun 1965, don taya ta zauna daram a kan kwalta lokacin da mota ta kwanta a kwana. Ya yi waldar ƙarafa biyu a ƙarƙashi ya haɗe gaba da baya, saboda bodin ya daina murɗewa. A baya kuwa sifirin mai falle-falle ne irin na a-kori-kura, ya sa masu tauri da sabbin shokazoba. Cikin kaskon baƙin mai ya sa 'yan shingaye, domin a doguwar kwana man yakan tattaru a gefe guda, famfo ya zuƙi iska, inji ya ƙone alhali kuwa mai na nan cike.

Amma inda ya fi daɗewa yana bayani shi ne birki, kuma a nan ne muryarsa ta sauya. Motar da birkin diram ta zo, ƙafa huɗu. Ya ce ranar da ya fara kai ta wani ƙaramin fili, ɗoki ya hana shi canza man birkin da ya shekara aru-aru a ciki. Zagaye na huɗu, ya taka birki a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Allah ya kiyaye, ciyawa ce a gabansa ba bango ba. Man birki yana shan laima daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140, kuma da zarar ya tafasa tururi ne a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Tun daga ranar ya sa birkin faifai a ƙafa huɗu, da man da ke jure zafi, da bututun da ke kawo iska daga gaba zuwa kan faifan. Bai taɓa gaya wa kowa wannan labari a gida ba sai ni.

Ni malamin kimiyya ne a JHS, shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikin motsi ninkawa huɗu yake yi. A daren nan na ɗauki biro na yi lissafi. Mota mai nauyin kilo 1,400, in ta sauko daga gudun kilomita 180 a awa zuwa 80, zafin da birki zai sha ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 4, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma a kowane zagaye sai an maimaita. Abin kunya, sai a garejin yaron da na sha yi wa gorin boko na ga abin da nake koyarwa da idona.

Ranar Asabar muka tafi Mid-Ohio, tafiyar kamar awa ɗaya daga Kolambus. An buɗe filin a 1962, tsawonsa ya ɗan haura kilomita uku da rabi, kuma a kansa Mustang da Camaro suka sha gwabzawa a gasar Trans-Am wadda aka fara a 1966. Ranar ba ta gasa ba ce, ta koyo ce. Sai an duba motarka kafin ka shiga, sabon shiga da malami a gefensa yake tuƙi, kuma ba ka wuce kowa sai ya fito da hannu ya nuna maka gefen da za ka bi. Aka ba ni aron hular kwano na zauna kusa da shi. Bayan kwanar da suke kira Keyhole akwai doguwar miƙa, a ƙarshenta ya taka birki, bel ya riƙe ni, na ji hanjina ya taho maƙogwaro. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Sababbin motoci suka yi ta wuce mu, shi ko a jikinsa, hannunsa kawai yake fitarwa. Da muka fito ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana auna iskarsu yana rubutawa a ɗan littafi.

Ba zan ce na sauka daga ra'ayina duka ba. Kuɗin tayoyi huɗu da yake cinyewa a 'yan fitowa kaɗan zai biya wa marayun nan abubuwa da yawa, na kuma faɗa masa haka a hanyarmu ta komawa, na ƙara da cewa yanzu yana da mata da jariri. Ya yi shiru har muka kusa gida, sa'an nan ya ce, "Yaya, wata shida ina gyaran motocin mutane cikin sanyi. Wannan kaɗai ce tawa." Tun daga watan nan ya ɗauke mini kuɗin makarantar babbar cikinsu, bai kuwa taɓa saɓawa ba. Motar ma bai sayar ba.

Da na dawo Kumasi na zauna ina ba Inna labari, ina ta kwatanta mata gudu da ƙara. Ta katse ni ta ce, "Motar nan tasa, tana da birki kuwa?" Na ce, "Inna, ai duk kuɗin a birkin ya zuba." Ta ce to, in gaya masa ya kira ta ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ya nuna mata jikanta, ba motar ba.