Ranar da Kwamfuta ta Hana Ni Gogewa

Ni akawu ne a reshen wani kamfani wanda uwarsa ke Amurka, inda ake sayar da hannun jarinsa. Wata rana da la'asar, ƙarshen wata, ina shigar da kuɗin wani ɗan kwangila cikin kwamfuta, sai hannuna ya zarce, na rubuta naira 500,000 maimakon 50,000. Da na farga, gabana ya faɗi. Na yi niyyar in goge a ɓoye kafin wani ya gani, amma na'ura ta ƙi. Wai sai in sake rubuta wani layi mai warware na farko, in faɗi dalili, sa'an nan Ma'aji ya amince. Kuskuren kuwa yana nan zaune, da sunana da lokacin da na yi shi.

Na tafi wurin Ma'aji cikin kunya da fushi, na ce, "Ranka ya daɗe, ashe ba a yarda da mu ba ke nan?" Ya yi murmushi, ya ce in zauna in ji mafarin abin.

A watan Disamba na 2001 wani ƙasaitaccen kamfanin Amurka mai suna Enron ya rushe, domin shugabanninsa sun daɗe suna ɓoye bashi suna nuna riba. Masu binciken lissafinsa, watau kamfanin Arthur Andersen, suka yayyaga takardu masu yawa. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, suka rasa abin da suka tara don tsufa. A 2002 kuma aka gano irin wannan ha'inci a kamfanin WorldCom. Saboda haka a watan Yuli na shekarar nan aka kafa dokar Sarbanes da Oxley, sunayen 'yan majalisa biyu da suka kawo ta. Dokar ta ce lalle shugaban kamfani da babban ma'ajinsa su sa hannu cewa lissafinsu gaskiya ne, wanda kuwa ya ɓata takardu don ya ruɗe bincike, ana iya ɗaure shi har shekara 20.

To, yaya shugaba zai sa hannu a kan lissafin da bai rubuta ba? Sai fa in an gina na'urar yadda mai shigar da kuɗi ba shi ne mai amincewa a biya ba, kowane gyara kuma ya bar sawu.

Ma'aji ya ce, "Malam, ƙofar da za ka bi ka ɓoye kuskure, ita ɓarawo zai bi ya ɓoye sata." Ya amince da gyaran, na koma kujerata.

Bayan wata uku masu bincike suka zo, suka tsaya a kan layin nan. Suka karanta dalilin da na rubuta, suka wuce. Da na sami ikon gogewa a ranar nan, da ba ni da shaidar da za ta wanke ni.